Ranar da Aka Gwada Nonona da Tururuwa

Da sunan Allah, mai saukar da cuta tare da maganinta. Sunana Zulai, ina aure a Hadejia, gidanmu kuma yana Malam Madori. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, kwanan baya na je barka a unguwarmu, sai na ji wata tsohuwa tana cewa a miƙo mata ludayi za ta gwada nonon mai jego. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ina faɗa ba. Matan ɗakin sun ɗauka iska ce ta taɓa ni, don haka gara in yi bayani a tsanake, wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba.

Ummi ce 'yata ta fari. Na haife ta a ƙarshen damina, kuma kamar yadda aka saba, gida na koma wankan jego. Mahaifiyarmu ta rasu tun ina sakandare, shi ya sa Goggo Hajara, yayar Baffa mahaifinmu, ta tare a gidan don kula da ni. Mu mutanen shanu ne. Mun daɗe da zama a gari, Fulatancin ma gaisuwa da zagi kaɗai nake ji, amma Baffa bai taɓa rabuwa da garkensa ba. A gidanmu in mutum ya yi zazzaɓi nono ake ba shi, in ya warke a ƙara masa, in ya yi fushi ma nonon ne. To, balle mai jego, balle kuma jikar da aka sa wa sunan mahaifiyar su Baffa. Fura da kindirmo da safe, kunu da madara da hantsi, tuwo kuwa sai man shanu ya rufe miyar. Na sha, na yi ƙiba, ban yi ƙorafi ba.

Sati biyun farko lafiya lau. A na uku kumatun yarinyar suka feso da ƙananan ƙuraje ja masu ɓarewa. Daga nan sai kuka bayan kowane shan nono, tana naɗe ƙafafu tana banƙarewa, ga tumbuɗi har ya jiƙa mini zani. Goggo ta ce zafin gari ne, aka shafa hoda. Ana gab da arba'in, wata safiya na kwance mata ƙunzugu na ga majina da silin jini a cikin kashinta.

Goggo ta duba ƙunzugun, ta dube ni, ta ce, "Zulai, kawo ludayi."

Ta sa na tatsa nonona a ciki har ya kai rabi. Ta fita tsakar gida ta tsinto tururuwa a gindin bango ta saka a ciki, muka zuba ido. Ƙa'idar gwajin ita ce, in tururuwar ta yi iyo ta fita, nono lafiyayye ne. In ta mutu a ciki, akwai dafi. Tawa ta yi ta wutsil-wutsil, ta gaji, ta daina motsi. Yau zan iya cewa ko a shayi ka jefa tururuwa abin da zai same ta ke nan. A ranar kuwa na yarda, don da idona na gani.

"Innalillahi," in ji Goggo. "Nononki ne. Daga yau ba za ta ƙara sa shi a baki ba."

Na ce, "Goggo, ko mu fara zuwa asibiti?"

"Asibitin ne ya shayar da ubanki? Ke dai rufe ƙirjinki."

Wanda bai san irin gidanmu ba zai ce me ya hana ni gardama. 'Yar fari ce. A gaban manya ko sunanta ba na iya kira, ko ɗaukarta ba na yi a gaban Baffa, balle in tsaya ina jayayya a kanta kamar na fi kowa sonta. Maigidana Sa'idu yana Hadejia wurin injin casar shinkafa inda yake aiki. Da na gaya masa a waya, cewa ya yi, "Ki bi manya, sun fi mu sanin jarirai." Shi ma kunyar surukai ta ɗaure masa baki.

Baffa ya ji labari. Washegari ya ware jar saniyarsa, wadda ya fi ji da ita, ya ce daga ranar madararta ta Ummi ce kaɗai. Ruwa ya cika fadama a shekarar, garken ya koma tudu mai nisa, amma kowace safiya da kansa yake zuwa ya tatso, ya ɗauro galan a bayan babur, ya iso wandonsa duk taɓo. Goggo ta tafasa, ta sirka da ruwa, ta ɗura wa yarinyar da cokali. Ni kuma aka ƙara mini fura da nono, da wani jiƙo mai ɗaci wai na wanke dafi.

Cikin 'yan kwanaki abin ya ninka. Tumbuɗi ya koma amai, silin jini ya koma jini sosai, ƙurajen suka gangaro wuya da hammata. Kukanta ya ƙanƙance har ya zama kamar na 'yar mage. Ni kuma ƙirjina ya cika ya yi tauri, ina jin tana kukan yunwa nono yana zuba a rigata, ba damar in ɗauke ta. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na waɗannan kwanakin ba, kuma ba na fatan ko maƙiyiyata ta ji shi.

Da Sa'idu ya zo ya ga yadda maɗigarta ta faɗa, kunyar ta sake shi. Ya roƙi Baffa, aka bar mu muka tafi asibiti a Hadejia, Goggo tana riƙe da yarinyar. Mun yanki kati da sassafe, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Ba na zargin kowa a kan wannan, mutum ɗaya ne yake duba yaran da suka cika baranda har ƙasa. Ya sa aka gwada kashinta, ba a ga tsutsa ba, ba a ga komai ba. Ya ba mu ruwan gishiri da sukari, sannan ya yi mana faɗa sosai, ya ce jaririyar da ba ta kai wata biyu ba cikinta bai isa ɗaukar madarar saniya ba, a mayar da ita ga uwarta. Da muka fito wata nas ta ja ni gefe ta ce, "Ko sun hana ki ba ta, ki riƙa tatsewa kina zubarwa, safe da rana da yamma. In kika bari ya ƙafe, shi ke nan." Ban san sunanta ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

Goggo ta yarda a gwada maganar likita. Na mayar da yarinyar, aman ya ɗan lafa, amma jinin bai tsaya ba, ƙurajen ma suna nan. Ina shayar da ita, ina kuma ɗirkar furata da kindirmo don nonon ya ƙaru, ba wanda ya kawo komai a ransa. Bayan kwana biyu Goggo ta ɗaga ƙunzugu ta nuna mini ta ce, "To, kin gani? Likitanku ya faɗi nasa, ga nawa." Aka sake cire ta, galan ɗin Baffa ya dawo. Ni dai na riƙe maganar nas, ina shiga banɗaki ina tatsewa, kullum abin da yake fitowa yana raguwa.

A cikin wannan satin ne wani abokin Sa'idu ya kai mu wurin masu gwajin kwamfuta, waɗanda suke kama shago ranar kasuwa. Wani ƙarfe ake riƙewa, na'urar ta faɗi duk abincin da jikinka ba ya so. Hannun Ummi bai isa ya riƙe ƙarfen ba, sai mai shagon ya ce in riƙe in ɗora hannunta a kan nawa. Kafin in gyara zama sakamako ya fito: jikinta ba ya son kifi, da gyaɗa, da barkono, da wake. Yarinyar da ko haƙori ba ta da shi! Na tambaye shi madarar shanu fa, ya leƙa allon ya ce wannan kam lafiya lau. Ya sayar mana da wani garin magani a roba, muka fito aljihun Sa'idu ya yi sauƙi, yarinyar tana yadda take.

Da muka koma asibiti karo na biyu, likitan ya ɗora ta a ma'auni ya ga ta ragu, bai ɓata lokaci ba ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Kano. Ruwa ya ci hanya a wani wuri, sai da direba ya yi zagaye. Goggo ba ta zo ba, ƙafarta ba ta ɗaukar doguwar tafiya, don haka a motar nan ne na riƙe 'yata a ƙirji na tsawon lokaci karo na farko tun ranar ludayi.

An kwantar da mu, aka sa mata ruwa. Likitar yara mace ce, ba ta da yawan fara'a, amma ta iya tambaya. Ta sa na faɗi komai tun daga ranar haihuwa, har ta zo kan abin da ba wanda ya taɓa tambayata: "Ke me kike ci?" Da na lissafa mata sai ta ajiye biro.

Ta ce tana zargin madarar shanu ce jikin yarinyar ba ya karɓa, kuma abin da uwa ta sha yana iya bi ta cikin nononta ya kai ga jariri. Na ce mata, "Likita, mu fa Fulani ne." Ta ce, "Cikinta bai san haka ba."

Gwaji na farko na fata ne. Aka kifa Ummi a cinyata, aka ɗiɗɗiga mata wasu ruwaye a baya, na madara da na ƙwai da na gyaɗa da wasu, aka ɗan tsikari kowane ɗigo da bakin allura, aka ce mu jira kamar minti goma sha biyar. Wuri ɗaya ne ya tasa, shi ma wanda dama aka sa don a tabbatar fatar tana amsawa. Na madara ko ja bai yi ba. Na ce ke nan Goggo ce da gaskiya.

Likitar ta ce in kwantar da hankali. Borin jini na abinci iri biyu ne. Akwai mai saurin tashi, mutum ya ci yanzu, baki ya kumbura yanzu, numfashi ya sarƙe. Shi ne gwajin fata da na jini suke kamawa. Akwai kuma mai tafiyar hawainiya, wanda yake aiki a hanji sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Wannan fata ba ta nuna shi, jini ma ba ya nuna shi, shi ya sa ta ce kada mu ɓarnatar da kuɗinmu a gwajin jini. Maganarta da ta zauna mini ita ce, "Wannan ba na'urar da take gano shi. A cire, a gani. A mayar, a gani. Shi ne gwajin."

Cirewar nufinta ni in bar duk abin da ya fito daga saniya, yarinyar kuma ta koma nonona. Na akuya ma ta ce a'a, 'yan uwan juna ne. Matsalar ita ce nonon nawa saura kaɗan ya ƙafe, ita kuma Ummi ta manta da kamawa, in na sa mata sai ta kau da kai ta yi kuka. Aka haɗa mata da wata madarar gwangwani ta musamman, mai wari da ɗaci, wadda kuɗin gwangwani ɗaya ya sa Sa'idu ya nemi benci ya zauna. A Hadejia ma ba a samunta, kuma wannan abin takaici ne, don ba mu kaɗai ba ne masu irin waɗannan yara. Likitar ta faɗa mana gaskiya: in nonona bai dawo ba, gwangwanin nan ne abincinta har ta shekara, mu kuma mun san ba za mu iya ba. Nas-nas suka tsaya a kaina, in sa ta a ƙirji kafin a ba ta madarar a kofi da bayan an ba ta, ko ta ƙi. Na yi kuka, na yi fushi da su, sun yi kamar ba su gani ba. Kafin a sallame mu, wata rana da hantsi na ji ƙarar haɗiya a maƙogwaronta, ƙut, ƙut. Na kira Sa'idu ya kara kunne.

Gidan mijina na koma, don a gidan Baffa ko ruwan randa sai na yi zargin man shanu. Sai a lokacin na san yawan wuraren da saniya take ɓuya: shayi, biskit, alewar madara, burodi mai bota, tuwon maƙwabta. Sau ɗaya na ci ɗan wake a gidan suna, ashe an ɗan zuba masa man shanu don a karrama baƙi, muka koma baya na 'yan kwanaki. Ban da wannan, sauƙi ya riƙa zuwa a hankali. Jinin ne ya fara ɗaukewa, sai aman, ƙurajen su ne na ƙarshe. Kafin wata ya cika kumatunta sun ciko, mun ajiye gwangwani.

Saura rabin gwajin, mayarwa. Likitar ta ce in sha kindirmo ludayi ɗaya a rana na ɗan lokaci in sa ido. Tunda gwajin fata ya nuna ba mai saurin tashi ba ne, ana iya yi a gida. Na ce mata wace uwa ce za ta sa wa 'yarta ciwo da gangan? Ta ce in ba a yi ba, ba za mu taɓa tabbatarwa ba, ƙila ma ina hana kaina abinci a banza. Na amsa da to, a raina na ce ba zan yi ba.

Abin da ya sauya mini ra'ayi saƙo ne daga gida. Goggo tana gaya wa kowa jiƙonta ne ya wanke mini dafi, alhali jiƙon da ta aiko mini yana ƙarƙashin gadona ko buɗe shi ban yi ba. Baffa kuma ya aiko cewa jar saniya tana nan tana jiran mai ita, in mun zo Sallah za a fara ba Ummi kindirmo ta yi ƙwari. Na san in na sauke ta a gidan nan na juya baya, cokali zai shiga bakinta saboda so. Na ce wa Sa'idu tunda dole a yi gwajin, a gabansu za a yi.

Muka je. Bayan gaisuwa na durƙusa a ƙofar ɗakin Baffa, Goggo tana zaune a tabarma, na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi maganar 'yata da bakina. Na ce, "Baffa, ku duba ta, lafiyarta ƙalau, kuma nonona take sha. Yanzu zan sha kindirmo a gabanku. Jibi ko gata za ku ga ƙuraje da jini. In na daina, zai ɗauke. In ba haka ya faru ba, ku yi yadda kuka ga dama."

Goggo ta ce, "Oh ni Hajara! Yau nonon saniya ne ya zama guba a gidan nan?" Amma ita ta ɗebo mini da hannunta. Na daɗe ina marmarinsa, amma ranar ban ji daɗinsa ba.

Ranar farko ba komai. Ta biyu Ummi ta yi ta ƙananan koke-koke. A ta uku da safe kumatun suka yi ja, na kwance ƙunzugu ga majina ga silin jini. Na sani zai zo, ni na faɗa, amma sai da hawaye ya zubo mini. Goggo ta karɓi yarinyar ta ce, "Dafin ne ya dawo. Dama jiƙon bai isa ba."

Baffa ba ya shiga sha'anin mata, amma ranar ya zo har bakin ƙofa. Ya ce da yayarsa, "Adda, ta faɗa tun kafin ta sha. Miƙo mini in gani." Aka miƙa masa ƙunzugun. Mutumin da yake gane ciwon ɗan maraƙi daga kashinsa ne, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce da ni, ba tare da ya ɗago ba, "Ludayi ɗaya ne ya yi wannan?"

Na ce, "E, Baffa."

"To, wanda nake kawo mata a galan fa?"

Ya gyaɗa kai, ya ce wa Goggo ta ba ni 'yata, ya sa takalminsa ya fita. Ranar bai ci abincin rana a gida ba.

Na daina shan kindirmon, cikin 'yan kwanaki komai ya ɗauke kamar yadda aka faɗa. Likitar ta ce yawancin yara suna wuce wannan in sun girma, za a sake jarrabawa a gabanta idan lokaci ya yi, ba a gida da ka ba. Ga masu karatu, abin da na tsinta ke nan: in jariri yana kashi da jini, a tafi asibiti, a kuma faɗi abin da uwa take ci ko ba a tambaya ba. Kada a cire shi daga nono saboda tururuwa, kada a kai shi wurin mai ƙarfe da kwamfuta. Wanda kuma bakinsa yake kumbura ko numfashinsa yake sarƙewa bayan cin wani abu, kada a kuskura a yi masa irin gwajin da na yi a gida. Allah ya saka wa waɗanda suka tsaya mana, ya ba marasa lafiya lafiya.

Ni da Goggo ba mu ƙara tayar da zancen ba. Ba ta ce ta yi kuskure ba, ni ma ban nema ba. Da Ummi ta isa yaye, Goggo ce bisa al'ada za ta zo ta ɗauke ta zuwa Malam Madori har ta manta da nono. Na haɗa kayan yarinyar, na dafa wa baƙuwa kifi. Goggo ta ci, ta yi sallar la'asar, ta goya Ummi, ta ɗauki ƙullin kayan har ta kai zaure. Sai na ji takunta yana dawowa. Ta kwance goyon ta ɗora mini yarinyar a cinya.

"Na cire ta daga nan sau biyu," in ji ta. "Ba da hannuna za a yi na uku ba. Ki bar ta ta sha, har ranar da ta saki da kanta."